Aljanin da Ya Cire Takalmi

Duk wanda ya san gidan Malam Zainu na Durun ya san gida ne na allo da tawada. Kakansu ya koyar, ubansu ya koyar har Allah ya karɓi abinsa, yanzu kuma babban ɗan, Malam Abdulhafiz, shi ke riƙe da makarantar ƙofar gida da Islamiyyar yamma. To a cikin wannan gidan ne Allah ya fito da Lurwanu, autansu. Ya sauke Alƙur'ani lafiya lau kamar kowa, ya je Kano ya yi difloma, ya dawo, ana jira a ji wane aji zai ɗauka a Islamiyya, sai ya ce shi fim zai yi. Fim ɗin ma ba na wa'azi ba, na ban tsoro.

Kayan aikin nasa kuwa ba sai an tambaya ba. Waya ce guda ɗaya mai tsagaggen gilashi, da sandar gora da yake ɗaure ta a kai. Jini na zoɓo ne. Muryar aljani ta cikin bututun ban ruwa ake yin ta. Shi kansa aljanin ba wani ba ne, Mudi ne, mijin yayarsa Sa'ada, wani dogo mai rawar kai da ke sayar da taki a kasuwa. Aka shafe shi da toka tun daga goshi har idon sawu, aka yafa masa tsohon gidan sauro, aka ɗaura masa ƙahon rago biyu da igiyar rama. Lurwanu ya sa wa fim ɗin suna Mai Ƙaho a Fadama. Labarin wani mai haɗama ne da ya sare tsohuwar tsamiya don ya faɗaɗa gonarsa, mai tsamiyar kuma ya biyo shi.

A daminar bara suka ɗauka, yau kaɗan gobe kaɗan, duk ranar da noma ya ba su sarari. Da kaka ta yi sai Malam Zainu ya kwanta, kwanciyar da bai tashi ba. Lurwanu ya ajiye zancen fim, ko kallon wayar ba ya so. Sai da shekara ta kusa zagayowa sannan ya fara hawa babur yana zuwa Gwarzo, shagon abokinsa Ubaidullahi mai gyaran waya, wanda shi ne ya fito a mai haɗamar. A can suka riƙa haɗa guntayen a wata tsohuwar kwamfuta da ke huci kamar injin markaɗe. Da suka gama, mai gidan kallon ƙwallo na cikin garin Kabo ya ce ya yarda a nuna shi da la'asar, ranar da babu wasa.

Guntu ɗaya ne Lurwanu ya yanke ya ajiye a gefe, bai gaya wa kowa a gida ba. Ranar da suke ɗaukar wurin da aljani ke bin mai haɗama, mahaifinsu ya ɓullo ta hanyar gona ya shigo cikin hoton. Malam kuwa mutum ne da bai taɓa yarda da hoto ba. Ban da na katin ɗan ƙasa, wanda ya haɗe rai a ciki kamar an ci bashinsa, babu hotonsa ko ɗaya a gidan. Lurwanu ya san in yayansa ya ji cewa ubansu na cikin fim ɗin aljanu, to magana ta ƙare. Ban da haka ma, shi kansa sau ɗaya ya iya kallon guntun, ya fita bayan shagon Ubaidullahi ya sha kukansa.

Labarin nuna fim bai kwana ba ya isa kunnen Malam Abdulhafiz. Ya sa aka kira Lurwanu soro bayan an tashi yara.

"Na ji an ce za ka tara mutane a Kabo ka nuna musu aljani."

"Ba aljanin gaske ba ne, Yaya. Mudi ne."

"Na san Mudi ne. Da na gaske ne ai da sauƙi, sai mu yi masa karatu ya tafi. Kai ba ka tunanin sunan gidan nan? Gobe a ce ɗan Malam Zainu ne yake tsorata yaran mutane."

"Akwai darasi a ciki, Yaya. Kan haɗama ne, da sare itatuwa."

"Darasi a bakin mai ƙaho?"

Suka yi ta yi, wannan ya kawo wannan ya mayar. Lurwanu ba ya ɗaga murya a gaban yayansa, amma kuma ba ya sakin magana, halin da ya gado kenan. Da Malam Abdulhafiz ya gaji sai ya ce, "To, ni ba zan kalla ni kaɗai in yanke ba, kada ka ce na zalunce ka. A kai wa Inna. In ta ce abin kallo ne, ka je ka nuna, ba ruwana. In ta ce shirme ne, ka goge shi, ka zo ka karɓi aji uku."

Lurwanu ya ce ya yarda. Da ya fito daga soron ne ya gane abin da ya amsa. Hajiya Ummu Hani, wadda kowa ke kira Inna, ba ta san ɓoye ra'ayi ba. Ita ce matar da za a kawo mata tuwon biki ta ɗanɗana ta ce miyar ta yi, amma mai tuƙin tana sauri. Kuma tun rasuwar Malam ba a cika jin dariyarta ba. Aikin shekara guda da duk burinsa yanzu suna hannun tsohuwar da ko fim ɗin soyayya ba ta iya kai wa ƙarshe ba tare da ta yi gyangyaɗi ba.

Ranar Alhamis da hantsi, da yake babu makaranta, aka shirya. Lurwanu ya aro kwamfutar Ubaidullahi, ya kifa turmi a ƙarƙashin rumfar Inna ya ɗora ta. Inna ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa, ta sa tabarau, da ƙwaryar gyaɗa a cinya tana ɓarewa. Sa'ada ta zo daga gidanta musamman. Malam Abdulhafiz ya jawo kujera ya zauna can gefe da carbi, ya juya rabin jiki kamar wanda ke jiran mota. Mudi kuwa, babban tauraro, ya rako matarsa amma ya ƙi shigowa. Ya durƙusa daga bakin ƙofar soro ya gaida Inna kansa a ƙasa, ya maƙale a can. Mutumin da ya yi wata da watanni yana gurnani a fadama, ga shi ya kasa haɗa ido da surukarsa.

"Bismillah, Auta," in ji Inna. "Kunna mana mu ga abin da ya hana ka aure."

Fim ya fara da dare. Wato da rana tsaka aka ɗauka, Ubaidullahi ya rage hasken har komai ya koma shuɗi-shuɗi. Inna ta matso da fuska.

"Wannan dare ne?"

"Dare ne, Inna."

"To kajin can me suke kiwo? Ko su ma aljanun ne?"

Sa'ada ta toshe baki da mayafi. Lurwanu ya yi kamar bai ji ba. Mai haɗama ya fito da gatari, ya yi ta sara, tsamiya ba ta ko girgiza ba, sai a hoto na gaba aka ga wani kututture a kwance wanda kowa ya san na bishiyar maina ne, ba na tsamiya ba. Inna kuwa hankalinta ya tafi kan gona.

"Tsaya, gonar wa ce wannan? Ta Alhaji na bakin rafi ce ko? Kai, dawar nan ta ji taki. Af, ya kuma ta koma iya gwiwa? Yanzu fa ta fi mutum tsawo."

"Ba rana ɗaya muka ɗauka ba, Inna."

"Na gani ai. Mutum ya shiga gona da shuka, ya fito ana girbi. Lallai ya sha gudu."

Nan Sa'ada ta kasa riƙewa. Daga soro ma aka ji wani ɗan tari da bai yi kama da tari ba. Lurwanu ya saci kallon yayansa, ya ga carbi na tafiya daidai, fuska ba ta motsa ba.

Sai ga wurin da ya fi ji da shi. Kiɗa ya yi ƙasa, iska ta kaɗa ganyen dawa, aka ji murya daga bututu tana kiran mai haɗama. A hankali ƙaho ya ɓullo, sannan farar fuska, sannan dogon jiki cikin farin yafe. Lurwanu ya sha kallon wurin nan a Gwarzo, kuma duk lokacin sai tsikar jikinsa ta ɗan tashi. Ya riƙe numfashi yana jiran Inna ta yi salati.

Ta yi salatin kuwa, har da tafa hannu.

"La'ilaha illallahu! Ashe nan gidan saurona ya tafi! Na bi gidan nan kaf ina nema, har na zargi 'yan wanki. Ga facin da na yi masa nan da baƙin zare." Ta ƙara matsowa. "Wannan kuma ai ƙahon ragon layyarmu ne, mai gutsurarren baki."

Daga nan fim ya zama na Inna da Sa'ada. Da aljani ya shaƙe mai haɗama jini ya zubo, Inna ta ce zoɓon bai dahu ba, da an bar shi ya ƙara tafasa da ya fi ja. Da aljani ya yi gurnani, Sa'ada ta ce wallahi haka yake yi in an tashe shi sallar asuba. Suka yi ta dariya har gyaɗa na zubewa. Rabon da a ji Inna na dariya haka an daɗe, kuma da a wani wuri ne da Lurwanu ya fi kowa murna. Amma shi dai zufa kawai yake yi. Ya yi fim don a ji tsoro, ga shi ko kazar da ke tsintar ɓawon gyaɗa a gefen turmi ba ta ɗaga kai ba. A ransa har ya fara ganin kansa a gaban 'yan aji uku da alli a hannu.

Aka zo wurin gudu. Mai haɗama ya yanko ta siririyar hanyar da ke tsakanin gonaki, aljani na biye da shi da silifa shuɗi, gidan sauro na tashi a bayansa. Sai aljani ya ci birki. Ya dubi gefen hagu, ya zame silifansa ɗaya bayan ɗaya, ya fara sunkuyawa. Hoto ya yi tsalle. Sai ga shi kuma yana gudu, ƙafa ba takalmi.

Abin bai fi ƙiftawar ido ba. Lurwanu ya so ya yanke har da tsayawar, amma in ya yanke, gudun ba ya haɗuwa, kuma dawar wurin an daɗe da girbe ta balle a sake ɗauka. Ya bar shi yana fatan ba wanda zai lura.

"Tsaya," in ji Inna.

Muryarta ta canza. Ta ajiye ƙwaryar gyaɗa a ƙasa.

"Mayar da shi baya kaɗan."

Ya mayar. Aljani ya sake cin birki, ya sake zame silifa.

"Wa ya gani?"

"Inna, takalmin ne ya dame shi, gudu..."

"Auta, ni na haife ka. Mijin Sa'ada ko dagaci ya gani, jinjina yake yi masa daga kan babur ya wuce. Mutum ɗaya na sani a duniyar nan da yake hangowa tun daga nesa ya tuɓe takalmi ya kau da kai gefe. Kuma wannan hanyar gonarmu ce ta fadama." Ta cire tabarau ta dube shi. "Ina sauran?"

Carbin Malam Abdulhafiz ya tsaya. Ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya.

"Lurwanu, Baba na cikin abin nan?"

"Na cire shi, Yaya. Wallahi ba da gangan aka ɗauka ba, shigowa ya yi. Ba wanda ya gani sai ni da Ubaidullahi."

"Kuma ka yi shiru shekara guda?"

Inna ta ɗaga hannu. Ba ta kiran ɗanta na fari da sunansa, don haka ta ce, "Malam Ƙarami, bari. Auta, yana nan ko ka goge?"

"Yana nan."

"Kunna."

Ya nemo guntun. Wannan ba a rage masa haske ba, rana ce fes ta damina, ganye shar. Ga aljani tsugune a gefen hanya, silifa a gabansa, ƙaho na kallon ƙasa. Sai ga Malam Zainu ya shigo daga hagu, da fartanya a kafaɗa da tsohuwar hularsa ta saƙi, yana tafiyar nan tasa ta mai ɗan jan ƙafar dama. Sa'ada ta yi wata ƙaramar ƙara ta kama hannun Inna.

Malam ya tsaya a gaban halittar. Ya dube ta daga ƙaho har ƙafa. Ko gezau bai yi ba.

"Barka da hantsi, Baba," in ji aljani, da 'yar siririyar murya.

"Barka kadai, Mudi. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ya Sa'ada da yaran?"

"Suna lafiya, suna gaishe ku."

"Muna amsawa. Ya damina?"

"Alhamdulillahi."

"Ya kasuwa? Taki ya sauko kuwa?"

"Da sauƙi dai, Baba."

"Madalla. Ya wajen su Alhaji, babanka? Ƙafar tasa ta yi sauƙi?"

Haka Malam ya bi gidan su Mudi ɗaki ɗaki yana tambaya, bai tsallake kowa ba, aljani na amsawa toka na zuba daga gemunsa. Sai da gaisuwa ta cika sannan ya gyara riƙon fartanya ya ce, "To, wannan kuma wace sana'a ce?"

"Aljani nake yi, Baba. Na Lurwanu."

"Aljani. To, Allah ya ba da sa'a. Amma ka riƙa bi ta gefe, gyaɗar mutane ce nan."

Mudi ya ƙara sunkuyawa don ya ce to, sai ƙaho ɗaya ya sulluɓe ya faɗo a gaban Malam. Malam ya duƙa ya ɗauka, ya juya shi a hannu.

"Wannan ai ƙahon ragon layyarmu ne, mai gutsurarren baki."

A ƙarƙashin rumfa Sa'ada ta dubi Inna. Inna ba ta dubi kowa ba.

Malam ya jingine fartanya, ya ce wa Mudi ya matso da kai. Ya mayar da ƙahon, ya warware igiyar ya sake ɗaurewa da kyau, irin ɗaurin da yake yi wa dami, yana cewa wanda ya yi na farko bai iya ɗauri ba. Da ya gama ya ja da baya ya duba aikinsa. Kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi ƙoƙarin riƙewa, ya kasa, dariya ta ƙwace masa, irin wadda ba ya yi a gaban ɗalibai, mai fita da ɗan shaƙewa a ƙarshe. Ya yi ta yi har ya dafa fartanya. Sannan ya juyo ya kalli waya kai tsaye, yana share ido da bakin riga.

"Auta, abin nan naka yana ɗauka?"

Aka ji muryar Lurwanu daga baya. "A'a... eh, Baba."

Malam ya gyara hula, ya shafa gemu, har da ɗan miƙe wuya. "To kada ka kuskura ka nuna wa Innarku. In ta ga na tsaya ina gaisawa da aljani, na shiga uku, sai ta shekara tana yi min tsiya."

Ya saɓa fartanya ya bi hanya. Dawa ta rufe shi, amma ana jin dariyar tana nisa. Aljani ya miƙe, ya manta silifa, guntun ya ƙare.

Sa'ada na kuka a fili. Daga soro ana jin Mudi na jan hanci. Lurwanu ya kafa ido a ƙasa yana jiran abin da zai sauko masa, ko daga Inna ko daga Yaya.

Sai Inna ta fashe da dariya. Hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba.

"Ku ji min mutum! Har da tambayar ƙafar Alhaji! Shekara nawa ina gaya masa gaisuwarsa ta yi tsawo, ya tare mutum a rana sai ya tambayi akuyar gidansu. Ga shi nan, aljani ma bai tsira ba." Ta nuna kwamfutar da yatsa kamar yana jin ta. "Kuma kun ga yadda ya gyara hula? Wai shi ne ba ya son hoto! To Malam, na gani, kuma tsiya yanzu na fara."

Dariyar ta kama Sa'ada a tsakiyar kuka. Lurwanu ma bai san lokacin da ta kama shi ba. Wani nauyi da ya shekara a ƙirjinsa ya ji ya sauka, har yana jin kunyar yadda ya ɓoye musu wannan abu shi kaɗai. Malam Abdulhafiz ya sa hannu ya rufe idanunsa, ya daɗe a haka. Da ya sauke, bai yi faɗa ba. Ya ce a hankali, "Ɗaurin nan nasa. Ni ma haka ya riƙa kwance min dami yana sakewa."

Aka ƙarasa sauran fim ɗin, ba don kowa na bin labarin ba. Mai haɗama ya tuba, ya dasa tsamiya, aljani ya shige dawa. Lurwanu ya rufe kwamfuta ya gyara zama.

"To, Inna," in ji Malam Abdulhafiz. "Ke muke jira."

Inna ta ɗauki ƙwaryarta ta ci gaba da ɓarar gyaɗa, ta bar su suna jira, don ita ma ta san daɗin mulki.

"Tsoro dai babu," ta ce. "Auta, kada in yaudare ka, abin nan ko jariri ba zai firgita ba. Daren ƙarya ne, jinin ƙarya ne, aljanin kuma surukina ne. Amma na zauna tun daga farko har ƙarshe ban yi gyangyaɗi ba, kuma haƙarƙarina har ciwo yake. Abin kallo ne. A je a nuna."

Lurwanu ya buɗe baki zai yi godiya.

"Ban gama ba. Wurin Malam ba za a kai gidan kallo ba. Bai yarda da taron hoto ba yana raye, ba za mu kai shi ba bayan ransa. Ka sa min shi a wayata. Amma wurin cire takalmin ka bar shi yadda yake. Sannan a dawo min da gidan saurona."

Duk suka dubi Malam Abdulhafiz. Ya miƙe, ya kaɗe riga.

"Na ce in ta yarda ba ruwana. Wanda ya ɗaura ƙahon ma ya ce Allah ya ba da sa'a, ni wane ne? Amma aji uku na nan, ko da ranar Asabar ce kaɗai."

"Na karɓa, Yaya," in ji Lurwanu da sauri, kafin a ƙara masa Lahadi.

Ranar nunawa gidan kallon Kabo ya cika tun kafin a idar da la'asar a wasu masallatan. Mutanen Durun suka zo a babura, uku uku. Abokan Ubaidullahi suka zo daga Gwarzo, har da wasu 'yan Madadi da suka ji labari a kasuwa. Lurwanu ya tsaya a baya kusa da janareta. Ya riga ya haƙura da zancen tsoro, don haka da aka fara ihun dariya tun a wurin kaji, shi ma ya yi. Aka yi gardama kan gonar wa ce ta fi kyau. Da Mudi ya ɓullo da ƙaho aka yi ta tafi ana kiran sunansa, wani na tambayar nawa buhun taki. Mudi na zaune a benci na gaba yana ɗaga hannu kamar ɗan takara.

Sai aka zo wurin gudu. Aljani ya ci birki, ya dubi hagu, ya zame silifa. 'Yan Gwarzo suka kwashe da dariya, wani ya ce aljani mai ladabi. Amma bencin mutanen Durun ya yi tsit. Rabinsu a gaban Malam Zainu suka yi karatu, sun san hanyar, sun san Mudi, sun san wa ke bin ta da fartanya da hantsi. Wani dattijo a tsakiya ya ce da ƙarfi, "Allah ya jiƙan Malam." Amin ɗin da aka amsa ya rufe ƙarar janareta. Baƙin suka yi ta waige suna tambayar wane Malam, alhali ba su ga kowa a hoton ba.

Da aka tashi mai gidan kallo ya ce a sake nunawa mako mai zuwa. Lurwanu bai tsaya dogon zance ba, ya hau babur ya kama hanyar Durun, yana so ya kai wa Inna labari kafin magariba.

Ya jingine babur a ƙofar gida ya shiga soro da saurinsa. Kafin ya kai tsakar gida sai ya ji murya daga ƙarƙashin rumfa, a sarari, kamar kullum.

"Barka kadai, Mudi. An tashi lafiya?"

Ya tsaya cak. Daga inda yake yana hango su, Inna da Malam Abdulhafiz a tabarma ɗaya, kawunansu a haɗe kan ƙaramar waya. Yayan nasa ne ke riƙe da ita nesa da fuska, yana cewa, "Inna, ina ake dannawa ya koma farko?" Ita kuma tana cewa ya bari tukuna a zo wurin hula.

Lurwanu ya yi sallama. Sai da ya taka ƙasar tsakar gidan ya ji sanyinta a tafin ƙafa, ya waiga, ya ga takalmansa a bakin soro inda ya tuɓe su ba tare da ya sani ba.